Kwali Bakwai a Ƙarƙashin Gado

Shekara tara ina rubutu da dare
a ɗakina na kan tudu, a Valparaiso,
inda matakala ɗari da sha huɗu
ke raba ƙofata da titi.
Ranar da na ɗiga ayar ƙarshe
na ce na sauke kaya.
Ashe gammo na naɗa.

Maɗaba'a ta aiko kwafi ɗari uku, kwali bakwai.
Direban ya dubi matakalar, ya dube ni,
ya ce aikinsa a ƙasa ya ƙare.
Ni na hau da su, ɗaya bayan ɗaya.
Labarin ubana ne a ciki,
ɗan dako a tashar jiragen ruwa,
ga 'yarsa ta gaji sana'a.

Ranar ƙaddamarwa na jera kujera talatin.
Mutum shida suka zo:
yayata Eliana, mijinta mai gyangyaɗi,
'yarsu Maite, maƙwabta biyu,
da wani dattijo da ruwan sama ya koro.
Shi ya fi kowa tafi.

Don Evaristo mai kantin littattafai
ya juya shi a hannu kamar mai tayin kankana.
Ya ce, "Bar uku, ki dawo bayan wata uku."
Na dawo.
Suna nan a kantar ƙasa,
kyanwar kantin tana barci a kansu.
Ko ba komai, sun yi wa wata amfani.

Maite ta ce, "Inna, yanzu fuska ake fara saye,
littafi daga baya.
Dubi wayar nan. Yi murmushi. A'a, ba irin na asibiti ba."
Sau sha ɗaya muna ɗauka.
Mutum arba'in suka kalla,
ɗaya ta tambayi inda na sayi labulen bayana.

Ni fa nauyin baki ya kai ni ga alƙalami.
Na tashi ina jin yabon kai jahilci ne,
yau an ce in ban yi shela ba
tamkar ban rubuta ba.
Da dare nakan ji su a ƙarƙashin gado,
ba sa motsi, ba sa ƙorafi,
shirunsu ne ke hana ni barci.

Wata Lahadi na sauka bakin teku da jaka,
na shimfiɗa zane kusa da masu kifi.
Nelida, mai teburin dama, muryarta har kan ruwa.
Kafin azahar ta sayar da kwando huɗu,
ni ko taya ba a yi mini ba.
Ta ce, "Ke, kayanki ba ya ruɓewa,
shi ya sa ba ki iya kira ba."
Ta ɗauki ɗaya, ta biya ni da kifi biyu.

Mako ya zagayo, ta tare ni tun daga nesa,
littafin a hannunta, duk ɓawon kifi,
gefen shafi a lanƙwashe.
"Shafi na sittin da biyu, kin yi kuskure.
Injin ɗaga kayan nan ba shuɗi ba ne, rawaya ne.
Ƙanena a ƙarƙashinsa ya rasa yatsu."
Muka yi ta musu,
masu sayen kifi suka tsaya saurare,
wani tsoho ya ce kore ne, ya rantse,
ya sayi ɗaya don ya tabbatar.

Na hau matakala da yamma ina ƙarni,
jakar ta ragu da nauyin littafi huɗu.
Saura ɗari biyu da tamanin da ɗaya.
Na zauna a ta hamsin, na huta,
na buɗe shafi na sittin da biyu.
Shuɗi ne. Na san shuɗi ne.
Amma Lahadi zan koma, mu ƙarasa.